Turawan da Suka Ƙwace Ɗakin Goggo

Tun da na fara taka keken ɗinki na yi wa jarirai riga, na yi wa amare, har kujera da matashin kai na yi wa riga. Littafi ne kaɗai ban taɓa yi wa ba, sai ranar da maƙwabcinmu Lauya ya aiko a kira ni, ya ce in taho da tef ɗin awo. Abin da na gani a gidan nan daga ranar zuwa ƙarshen damina shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, don ya tsaya mini a wuya ya ƙi wucewa.

Lauya ba irin mugun da ake ganewa a fuska ba ne. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce ka bai gaishe ka ba, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa ko kaza murya ba. Abin da ya shiga ransa ya yi kaka-gida shi ne tsofaffin littattafan Turawan farko, masu yawon leƙen ƙasa, waɗanda suka zo da taswira da bindiga, suka auna koguna, suka raɗa wa duwatsun mutane sunayen sarakunansu, daga baya 'yan'uwansu suka biyo sawu suka kafa gidaje a gonakin da suka tarar da masu su. Duk inda ya ji labarin littafi ɗaya ko zane ɗaya na wancan zamani, ko a bangon duniya yake, sai an kawo masa shi a akwati.

Ya tare ni a falo ya miƙo mini farar safar hannu.

"Malama, sa wannan tukuna. Zufar hannu tana cin takarda."

Ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe wata ƙofa, sanyi ya doke ni har cikin ƙashi. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki, ga wani inji a lungu yana gurnani a hankali, wanda ya ce aikinsa tsotse danshin da ke cikin iska. Littattafai masu bangon fata sun jeru daga ƙasa har rufi, taswirori kuma cikin gilashi a bango. Amma ni ba su na tsaya kallo ba. Ɗakin na sani kamar yunwar cikina. Ɗakin Goggo ne, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi, wanda tagarsa ke kallon gabas, inda nake zuwa in auna ta muna hira rana tana dukan gadonta. Ƙusar da take rataye carbi tana nan, an rataya mata taswirar wani kogi.

"Ina Goggo?" na ce.

"Tana baya, na ɗan lokaci ne. Kin san duk gidan nan wannan ɗakin ne kaɗai ba ya riƙe laima, ga damina ta kawo kai. Ita ma da kanta ta ce ba komai."

Ya ɗauko bandir ɗin wani farin yadi ya warware mini. Auduga ce zalla, ba sitaci, ba rini, taushinsa kamar cikin kumatun jariri. Ya ce daga waje aka aiko masa, don irin wannan aikin kaɗai ake saƙa shi. Kowane littafi in yi masa rigarsa daidai jikinsa, ɗinkin ya koma ciki don kada ya goge fatar. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina yana cewa a hankali, Malama, a hankali, bayansa ya tsufa.

Da na gama na rungumi yadin na zagaya baya.

Ɗakin da aka kai Goggo da can nan ake ajiye tsofaffin tayoyi da bokitan fenti, manne yake da bayan ɗakin littattafan. Tun daga bakin ƙofa warin funfuna ya tare ni. Bango ya jiƙe daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Goggo tana zaune a bakin katifa da bargo a kafaɗa, ƙirjinta yana ƙugi, don ta daɗe da ciwon fuka. A gefenta ga ɗan injin da likita ya rubuta mata, wanda ake jona wa wuta ya mayar da magani tururi ta shaƙa.

"'Yar nan, ke ce? Shigo ki ga sabon gidana." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Kin gaisa da Turawan Babana? An ce mini duk sun mutu tun kafin a haifi kakana, amma kin ga har yau ba su daina ƙwace wa mutane wurin kwana ba."

Babana take kiransa, saboda sunan mahaifinta aka sa masa. Ba ta taɓa faɗin sunan da bakinta ba.

"Goggo, wannan ɗakin ba na mai fuka ba ne."

"Ya ce da an kwana biyu za a gyara. Mutum ne mai ayyuka, kada ki ga laifinsa."

Damina ta sauka da ƙarfinta. Kullum na kai rigunan da na gama sai in leƙa baya, kuma kullum sai in tarar laimar ta ƙara hawa. Takalman Goggo suka yi gemu fari. Zannuwanta na cikin akwati suka yi baƙin ɗigo-ɗigo, har wanda na ɗinka mata take adana shi don fita unguwa. Katifar idan ka danna ta da hannu sai tafinka ya yi sanyi. Da can Goggo ita ce rediyon gidan, ba ta gajiya da zance, amma sai ta koma tana yanka magana gida-gida don ta samu ta ja numfashi a tsakani.

Wata rana na zagaya bayan ginin don in shanya mata bargo, sai na ga inda ruwan yake fitowa. Wani ɗan guntun tiyo ne aka huda bangon ɗakin littattafan aka zuro. Duk ruwan da na'urorin nan biyu suke tsotsewa don kada ya taɓa takarda, ta nan yake ɗiga, dare da rana, daidai gindin bangon Goggo. Ƙasar wurin ta zama caɓi, har gansakuka ta fito.

Na samu matar Lauya a kicin tana yanka albasa. Maman 'Yan Biyu muke ce mata, mace ce mai tsafta da son zaman lafiya.

"Maman 'Yan Biyu, kin ga tiyon nan na baya kuwa? A bangon Goggo yake zubarwa."

"Na gani mana. Na yi masa magana har na gaji. Kin san shi a kan littattafan nan, ni kaina sai da safa nake shiga." Ta share hawayen albasa da gefen hannu. "Kuma tsakani da Allah ba a rage ta da komai ba. Abin da muka ci shi take ci, magani ba ya yankewa. Wasu ma ai ƙauye suke mayar da tsofaffinsu."

"To a shigo da ita ɗakin yara mana, kafin ruwa ya ɗauke."

"Da wannan tarin? Yara na makaranta, kin san su da kwasar cuta. Falo kuma baƙinsa ba sa yankewa."

Na tari Lauya da yamma yana fitowa daga mota. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai, har ya yi mini godiya.

"Kin yi gaskiya, Malama, kuma abin yana raina. Matsalar ita ce wanda ya haɗa injin ya gargaɗe ni, idan aka ƙara wa tiyon tsawo ruwa zai iya komawa ciki. Kin san abin da ɗigo ɗaya zai yi wa taswirar da babu irinta a duniya? Sai an samu gwani, ba kowane mai gyaran famfo ba. Ina nan ina nema."

"Lauya, tsohuwar nan numfashinta yana ƙarewa."

"Tsufa ne. Ko a ɗakin gabas ai tana tarin nan. Allah dai ya ba ta lafiya."

Na koma na ce wa Goggo ta taso ta zauna a wurina. Ɗaki ɗaya gare ni da shago, da ni da 'ya'yana da keken, amma ko ba komai bangonmu busasshe ne. Ta kama hannuna ta riƙe.

"In fita daga gidan Babana in koma maƙwabta? Me unguwa za ta ce masa? Ni na goya shi, ba ni zan tona masa asiri ba. Ki bar maganar nan, 'yar nan, idan kina sona."

Na bar maganar, raina a ɓace. Ban san wa ya fi ba ni haushi ba a ranar, shi da ya yi, ko ita da take rufa masa.

Akwai ranar da na kai riguna na tarar da baƙi, wasu malaman jami'a da wata baturiya mai farin gashi. Duk an raba musu safa. Lauya ya ce in tsaya, ya nuna musu ni a matsayin wadda take yi wa taskarsa sutura, suka yaba ɗinkin. Sannan ya kai su gaban zanen da ya fi ji da shi. Ayari ne cikin daji, Bature a cikin wata shimfiɗa da aka rataya a sanda mutane sun ɗauko shi a kafaɗa, 'yan dako a jere da akwatuna a ka. A can gefe, gindin wata bishiya, an zana wani ɗan dako a kwance, kayansa an ɗora wa wani, ayari ya yi gaba.

"Ku dubi wannan," in ji Lauya, muryarsa tana rawa. "Shi ya ɗauki akwatin Baturen tun daga bakin teku. Da ciwo ya kama shi, suka ajiye shi suka wuce. Na karanta littafin tafiyar tasu daga farko har ƙarshe. Baturen ya rubuta sunan karensa, ya rubuta sunan alfadarinsa, amma wannan bawan Allah ko sunansa bai rubuta ba. Don irinsa nake tara kayan nan, don kada a manta."

Wallahi idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na jin na ƙarya ne. Baturiyar ta dafa ƙirji. Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin inji. A cikin shirun nan sai tarin Goggo ya ratso bango, dogo, mai ƙugi, irin wanda kake ji kamar ba zai ƙare ba.

"Wa ke tari haka?" in ji ɗaya daga cikin malaman.

"Goggona ce, tsufa," Lauya ya ce, ya yi murmushi. "Ku zo ku ga wata taswira, wannan ita ce ta fi kowacce daɗewa."

Suka bi shi. Na ajiye rigunan a kan tebur na fita ban yi sallama ba.

Abin ya zo ne wata ranar da aka wuni ana ruwa, wutar unguwa kuma ta ɗauke tun safe. Wajen azahar Maman 'Yan Biyu ta faɗo shagona ko mayafi babu.

"Ki zo, Goggo ba ta iya numfashi!"

Na tarar da ita a durƙushe ta dafa katifa da hannu biyu, baki a buɗe, leɓɓanta sun canza launi. Ɗan abin fesa maganinta na aljihu ya ƙare, ta matsa shi har ya daina fitar da komai. Injin shaƙarta yana nan da magani a ciki, wuta ce babu. Gidana babu, gidan kowa babu. A duk layinmu wuri ɗaya ne ke da wuta a lokacin, kuma muna jin gurnaninsa ta bango. Lauya ya sa wa ɗakin littattafan batura na musamman, don ko wuta ta yi kwana nawa ba ta dawo ba kada injunan su tsaya.

"Buɗe ɗakin mu shigar da ita," na ce.

"Makullin yana aljihunsa, yana kotu."

"Kira shi."

Ta kira, ya ƙi ɗauka, ta sake kira. Da ya ɗauka na karɓe wayar daga hannunta.

"Lauya, Goggo na mutuwa. Ina makullin ajiya? Jona injinta kawai za mu yi."

"Innalillahi. Malama, ku kwantar da hankali. Akwai wani makullin, amma ki tsaya ki ji. Injin nan tururi yake fitarwa, kuma a rufe ɗakin yake, duk a kan takardu zai sauka. Ga ku kuma a jiƙe. Ba ma wannan ba, abin nan ya wuce na gida, asibiti ya kamata. Ku nemi mota yanzu, zan same ku a can."

"To mu zuro waya ta ƙarƙashin ƙofa, ba sai ta shiga ba."

"Baturan an auna su ne daidai injunan, idan aka ƙara musu kaya za su iya tsayawa gaba ɗaya. Ku yi sauri, ana kirana ciki."

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu ina kallon ƙofar nan. Ta ƙarfe ce, shi ya sa aka canza ta saboda ɓarayi, ko taɓarya na ɗauko ba abin da zan yi mata. Na ce wa matar ta nemo makullin ko ba da izininsa ba. Ta zazzage durowa biyu tana kuka, ta ce ba ta san inda yake ɓoye shi ba, kuma na yarda da ita.

Na goya Goggo. Ba ta fi nauyin yarinya ba. Muka fita cikin ruwa, Maman 'Yan Biyu tana riƙe mana lema da iska ke juyawa, har bakin titi, inda wani mai tasi ya ji tausayinmu ya tsaya. A cikin motar, kanta yana kan kafaɗata, ina jin yadda iska ke neman hanya a ƙirjinta tana rasawa.

An ceto ta a asibiti a ranar. Lauya ya iso da yamma da leda cike da 'ya'yan itace, ya durƙusa a gaban gadon ya riƙe ƙafarta. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta da wasa, ta tambayi inda tsohuwar take kwana. Kafin kowa ya buɗe baki na faɗa mata komai, har da tiyon. Ta juya ta dubi Lauya.

"Huhunta ya sha ruwa. Idan kuka mayar da ita wannan ɗakin, kada ku wahalar da kanku ku sake kawo mini ita."

"In sha Allahu, likita. An riga an yi magana da mai gyara."

Goggo ta zare abin iskar daga hancinta ta ce, "Likita, ɗakina lafiya lau. Yarinyar nan ce da ƙarin gishiri."

Da aka sallame ta, ɗakin bayan aka mayar da ita. An dai yi abin da za a ce an yi. An sayo sabuwar katifa, an ɗora ta a kan katako, an manna leda a bango don ta rufe baƙin. Ruwan ya ci gaba da bin bayan ledar yana taruwa a ƙasa. Lauya ya ce gwanin da ya samu ya yi tafiya, da ya dawo za a fara. Ya ce damina ma ai ta kusa ƙarewa. Ya ce kwashe littattafan a wannan yanayi daidai yake da zuba su a rijiya, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, amanar al'umma ce.

Daga nan Goggo ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Ta daina tsokanar Turawa. Kwanciya ta gagare ta, sai a zaune take barci, an tokare ta da matasai. Bayanta ya fara salewa. Nakan rufe shago in zo in juya ta in shafa mata mai. Lauya yakan leƙo kafin ya fita aiki, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci saboda warin funfuna yana sa shi atishawa, ya ce, "Goggo, ya jiki?" Ita kuma ta tattaro ɗan numfashin da ya rage ta ce, "Da sauƙi, Babana. Allah ya yi maka albarka." Mutumin da na gani da idona yana tallabe littafi da hannu biyu yana lallaɓa bayansa, ban ga ya sa hannu ya gyara mata matashi ba ko sau ɗaya.

Wata safiya rana ta fito bayan kwanaki ana hadari. Goggo ta ce mini, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Yanzu haka... ta shigo ɗakina... tana kan gado." Na ce bari in fitar da ita tsakar gida ta sha hantsi. Na je ɗauko kujera, na tsaya goge ta don ta jiƙe. Da na dawo na tarar kanta ya langaɓe a kan matashi, carbi yana hannunta. Ba a jin komai sai ɗigar tiyon nan a bayan bango.

Gida ya cika. Lauya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, mutane suna ba shi haƙuri suna cewa ya yi ƙoƙari, ba kowa ke riƙe goggo a gidansa har ƙarshen ranta ba. Aka aiko mini da yadin likkafani daga kanti, in haɗa da sauri. Na warware shi a kan teburina. Shara-shara ne, ana ganin hannu ta cikinsa, ga sitaci ya sa shi ƙauri kamar takarda. A gefe kuma ga ragowar bandir ɗin littattafai, fari tas, mai taushi, busasshe, don a cikin leda nake ajiye shi kamar yadda mai shi ya umarta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ture na kantin gefe, na shimfiɗa na littattafan na sa almakashi. Awon Goggo yana kaina, ba sai na duba ba. Na mayar da ɗinkin ciki, kamar yadda aka koya mini, don kada ya goge ta. A cikinsa aka naɗe ta aka fita da ita.

Ba a daɗe da share makoki ba na fara jin bugun guduma ta katanga. Kwana biyu aka yi ana aiki. Sai ga saƙon Lauya, in zo da tef.

Wannan karon ba ɗakin gabas ya kai ni ba, baya muka zagaya. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. An kankare bangon an sake shafe shi, an yi fenti fari. An ɗaga daɓen. An faɗaɗa tagar, haske ya cika ɗakin. A lungun da katifar Goggo take, sabon injin tsotse danshi ne yake gurnani. Na leƙa ta taga. Guntun tiyon nan babu shi, an sa dogon bututu ya bi gindin katanga ya tafi har kwata.

"Gwanin ya dawo ke nan," na ce.

"A'a, mai gyaran famfon bakin titi ne ya yi, ashe abin ba wuya. Kafin azahar ya gama." Ya nuna wasu akwatuna a tsakiyar ɗakin. "Sababbi ne suka iso, na wani mai tara littattafai da ya rasu, magadansa suka sayar. Can ya cika, dole sai nan. Kuma kin san ba yadda za a yi in sa su a ɗakin nan yadda yake da. Littafi ba ya jure laima, Malama. Sati ɗaya ya isa ya kashe shi."

Ya faɗa ne hankalinsa kwance, yana miƙo mini safa. Na duba fuskarsa ina neman ko alamar ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Babu.

"Ragowar yadin nan zai ishe su ai?" ya ce.

"Babu ragowa."

"Kamar yaya? Bandir guda ne fa."

"Na yi wa Goggo likkafani da shi."

 Na zaci yanzu ne abin zai faɗo masa, har na fara tausayinsa tun kafin ya faɗo. Ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"Haba, Malama. Ai da kin tambaye ni. An aiko miki da nata. Wancan ba a samunsa a nan, sai an jira watanni. Kuma a jikinta ai ƙasa ce za ta ci shi."

Na ajiye masa safarsa a kan akwati, na naɗe tef ɗina. Na ce ya nemi wata telar.

Har yau yana nan, yana gaishe ni idan ya wuce, yana mamakin abin da ya yi mini. Baƙi suna zuwa, ana raba musu safa, yana kai su gaban ɗan dakon nan na gindin bishiya muryarsa tana rawa. Na ji an ce jami'a za ta karrama shi saboda adana tarihin waɗanda aka zalunta. Ni ban ce kada a adana ba. Ban yi karatun da zan san darajar takardun nan ba, kuma na yarda wanda aka ajiye a gindin bishiya ya cancanci a yi masa kuka. Amma kukan wanda ya mutu tun zamanin kakanni ba ya cin komai. Ba ya tari, ba ya wari, ba ya neman ɗakinsa. Mai rai ne yake da nauyi, kuma Goggo ta ɗauki Lauya a bayanta tun bai san sunansa ba, har ya kai inda ya kai, sannan ya sauke ta a bayan bango ya yi gaba da akwatunansa.

Gidaje nawa ne a layinku suke da ɗakin baya? Ku zagaya ku duba wanda ke ciki, ku taɓa bangon da hannunku. Ni dai na ga na maƙwabcina, kuma abin da na iya yi mata bai wuce wannan ba: duk tsawon daminar nan, sau ɗaya Goggo ta kwanta a cikin busasshen yadi, shi ma ba da yardar Babanta ba.